Juna Biyu Da Hayaƙin Taba: Labarin Wata Ɗalibata

 

Na san da ganin kan wannan rubutu wata za ta taɓe baki ta ce, "To Malama, mu ina ruwanmu da zancen taba? Ai wannan sai 'yan tasha." Kada ki yi saurin buɗe shafi na gaba 'yar'uwa, domin ni ma da haka nake cewa. Shekarata goma sha ɗaya ina koyarwa a Islamiyya tun da na gama N.C.E., na karantar da tsarki da haila da biƙi, na karantar da haƙƙin miji da na maƙwabci, amma ko sau ɗaya bai taɓa zuwa raina ba cewa akwai ranar da zan zauna da matar aure mai hijabi har ƙasa muna lissafin karan sigari nawa take sha a yini. Ranar kuwa ta zo, kuma ban yi abin kirki a cikinta ba. Ita mai labarin ce ta yarje mini in rubuta, da sharaɗin ba suna ba unguwa.

Ajin matan aure nake ɗauka, Asabar da Lahadi bayan la'asar. A cikinsu akwai wata yarinya da ba ta wuce shekara ashirin da biyar ba, mai natsuwa, mai kyan rubutu, kullum a bakin taga take zama. Abin da kowa ya san ta da shi shi ne ƙamshi. Kafin ta shigo humra da turaren wuta sun riga ta sallama, bakinta kuma ba ya rabuwa da kanumfari ko cingam. Har tsokanarta matan ajin suke yi wai amarcinta ya ƙi ƙarewa.

Wata Lahadi muna karatun Arba'una Hadisi na Imam Nawawi, muka zo hadisi na 32, wanda ya yi hani ga cuta da cutarwa. Na kawo misalan da na saba kawowa: kwarara ruwan wanke-wanke a hanyar mutane, ƙure rediyo maƙwabciya tana jinya, ɓata wa abokiyar zama girki. Da aka tashi kowa ta watse, sai na ga ita tana ta gyaran jaka, jakar da ba abin gyarawa a cikinta. Can ta matso ta durƙusa ta ce, "Malama, wanda bai zo duniya ba, shi ma ana iya cutar da shi har a rubuta wa mutum zunubi?"

Gabana ya faɗi, na ɗauka zancen zubar da ciki ne. Ashe ba nan ta nufa ba.

Tun kafin aure ta fara, a ɗakin ƙawayen amarya wajen bikin wata ƙawarta. An kawo tukunyar shisha mai ƙamshin tuffa da na'ana'a, aka ce mata ai wannan ba taba ba ce, kayan marmari ne kawai, kuma ruwan da ke ciki yana tace komai. Daga biki sai biki. Da ta yi aure sai ta tarar maigidan yana shan sigari, kuma matafiyi ne, yakan bar kwali a durowa. Ranar da kaɗaici ya ishe ta ta zari kara ɗaya. Lokacin da take ba ni labari ta kai huɗu ko biyar a yini, a banɗaki, ta fito ta bi gidan da turaren wuta. Shekararta huɗu da aure. Sai da ta haura shekara biyu kafin ta sami ciki na farko, ya zube, na biyu ma ya zube. Dangin miji sun fara ƙananan maganganu, an yi rubutu an yi tofi, har an fara raɗe-raɗin ƙarin aure. Ga shi yanzu tana da na uku, sati tara.

Kin san abin da na yi? Salati na saka da ƙarfi, fuskata ta nuna duk abin da ke raina, sannan na buɗe mata wa'azi. Na fi minti ashirin ina yi. Na kawo mata hanin da ya zo a Suratul Baƙara game da jefa kai cikin halaka, na kawo almubazzaranci, na kawo amanar da ke wuyan uwa. Duk abin da na faɗa gaskiya ne, har gobe ban janye ko ɗaya ba. Ta saurara kanta a ƙasa, ta ce, "Na gode Malama," ta tafi. Sati uku ban sake ganin ta ba.

A cikin sati ukun nan ne na yi wa kaina hisabi. Yarinyar nan ta san abin ba kyau, in ba ta sani ba me zai sa ta ƙarar da kuɗinta a turare? Hanyar fita ta zo nema, ni kuma na ƙara nuna mata zurfin ramin da take ciki. Gaskiyar magana ma, ban da abin ba ta, domin ban san komai a kan yadda ake barin taba ba. Sai na shirya na tafi wajen wata ƙawata ungozoma da muka yi sakandare tare, na ce ta koya mini kamar yadda nake koya wa 'yan aji ɗaya alifun ba'un.

Ta yi dariya ta ce, "Malama, yau ke ce a benci." Ta ce a wajen awo ba sa shan wahalar gano hawan jini ko ciwon suga, tunda na'ura ce ke faɗa. Amma taba sai mai ita ta faɗa, kuma duk wadda aka tambaya amsarta ɗaya ce: "Allah Ya kiyaye, Sista!" Ga abin da na koyo, daga bakinta da kuma abin da ta ba ni na karanta.

Ɗan da ke cikinki ba ya numfashi da hancinsa. Iskar da yake rayuwa da ita, wato oksijin, daga jininki take zuwa, ta bi ta mabiyiya, ta bi cibiya ta isa gare shi, haka ma abincinsa. To a cikin hayaƙin taba akwai sinadarai sama da 7,000, kusan 70 daga cikinsu an tabbatar suna jawo ciwon daji, amma guda biyu ne suka fi yi wa mai ciki ɓarna nan take. Na farko iskar kabon monoksaid. Kin san ta ko ba ki san sunanta ba, domin ita ce gubar da ke fita daga janareta, wadda muke jin labarin ta hallaka mutanen gida guda a dare ɗaya don an kwana da inji a cikin ɗaki. Wannan iska ta fi oksijin iya manne wa jini sau 200 da ɗoriya, saboda haka idan ta shiga sai ta hau kujerar oksijin ta zauna. Jini yana ta zagayawa, amma kayan da ya ɗauko sun ragu. Kuma ta fi daɗewa a jinin ɗan tayi fiye da yadda take daɗewa a na uwa. Na biyu nikotin, sinadarin da ke sa mutum ya kasa bari. Shi kuma tsuke jijiyoyin jini yake yi, har da waɗanda ke kai wa mahaifa jini, sannan ya ratsa mabiyiya ya isa jikin yaron kansa. Kin ga an rage abin da ke cikin tulu, an kuma matse bakin tulun.

Daga nan sauran matsalolin suke tasowa. Tun shekarar 1957 wata likita a Amurka mai suna Winea Simpson ta lura cewa mata masu shan taba sun fi haihuwar ƙananan jarirai, binciken da aka yi ta yi bayanta kuma ya tabbatar da haka: a matsakaicin lissafi jaririn mai shan taba yakan gaza na wadda ba ta sha da kamar giram 200. Kada ki raina giram 200. A asibiti duk jaririn da bai kai kilo biyu da rabi ba ana sa shi cikin waɗanda ake jin tsoro a kansu, sau da yawa kuwa ɗan wannan bambancin ne tsakanin ki koma gida da ɗanki a hannu da kuma ki bar shi a kwalba. Na taɓa jin wata tana cewa ai ƙaramin yaro ya fi sauƙin haihuwa. Wannan magana ce ta wadda ba ta taɓa kwana a bakin ɗakin jarirai ba. Yaron da ya ƙanƙance don an tauye masa iska da abinci ba shi da ƙarfin jure naƙuda, kuma ya fi saurin kamuwa da cuta bayan an haife shi. Ban da wannan akwai ɓari, da haihuwar bakwaini, da fashewar faya kafin lokaci, da rabuwar mabiyiya daga jikin mahaifa tun yaro bai fito ba, wanda ke zuwa da zubar jinin da kan tafi da uwa da ɗa, da mutuwar yaro a ciki. Haka kuma rahoton babban likitan gwamnatin Amurka na 2014 ya tabbatar cewa shan taba a farkon ciki yana cikin abubuwan da ke sa a haifi yaro da tsagaggen leɓe.

Ina jin wannan jikina ya yi sanyi, na ce, "To Sista, ai ta riga ta makara." Ta ce ko kusa, kuma nan ne ya kamata wa'azina ya fara tun ran nan. Jikin ɗan Adam yana da saurin karɓar tuba. Minti 20 bayan karan ƙarshe bugun zuciya da hawan jini sun fara sauka. Cikin awa 12 gubar nan ta janareta ta ragu a jini ta koma daidai, ma'ana tun a yinin farko yaron ya fara samun cikakkiyar iskarsa. Sannan ta faɗa mini wani bincike da aka buga a 2009, wanda aka yi a kan mata kusan 2,500 masu cikin fari a ƙasashen Nuzilan da Ostareliya. An gano cewa waɗanda suka bar taba kafin cikinsu ya kai sati 15, yawan haihuwar bakwaini da ta ƙananan jarirai a cikinsu daidai yake da na matan da ba su sha. Wadda ta wuce sati 15 ma ba ta yi asara ba, domin a wata ukun ƙarshe ne yaro ya fi yin ƙiba, duk ranar da aka bari riba ce.

Na yi lissafi da yatsuna a gabanta. Sati tara da uku, sha biyu. Wa'azina ya cinye mana sati uku, saura uku.

Kafin in ci gaba da labarin, bari in tsaya a kanki ke da kike neman haihuwa, Allah bai kawo ba tukuna, domin wannan ɓangaren ya fi ba ni mamaki. Ita mace da ƙwayayenta ake haihuwarta, ba a ƙera mata sababbi, raguwa suke yi har su ƙare. Hayaƙin taba yana gaggauta ƙarewarsu, shi ya sa masu sha al'adarsu kan ɗauke da wuri, da shekara ɗaya zuwa huɗu kafin ta sauran mata, kuma sukan fi daɗewa kafin su sami ciki. Sannan a cikin siririyar hanyar da ƙwai ke bi zuwa mahaifa akwai wasu 'yan gasu ƙanana da ke tura shi a hankali. Taba tana kashe musu kuzari, sai ƙwan ya maƙale a hanya ciki ya zauna a wajen mahaifa, abin da in ba a yi tiyata da wuri ba yakan zama ajali. Namiji ma bai tsira ba: taba tana rage yawan maniyyi da ƙarfin tafiyarsa, kuma tana cikin sanannun dalilan raunin mazakuta, tunda shi ma al'amarin jijiyoyin jini ne. Sai dai shi namiji Allah Ya yi masa sauƙi, jikinsa kullum cikin ƙera sabon iri yake, wanda kan ɗauki wajen wata biyu da rabi kafin ya nuna. Ke nan in maigida ya bari yau, nan da wata uku da sabon iri yake tafe. Mu dubi kanmu 'yan'uwa. Nawa muke kashewa a tsimi da gumba da sauran kayan mata, nawa ake kai wa masu magani don neman haihuwa, alhali ga toka a faranti a tsakiyar falo ba wanda ya dube ta? Haihuwa ta Allah ce, babu shakka. Amma Shi ne Ya umarce mu da riƙon sababi, kuma wannan sababin ko kwabo ba a biya.

Game da shisha kuwa, wadda ta shigo mana gidajen biki da ɗakunan 'yan mata, ƙarya biyu ake yi mata ado da su. Wai ba taba ba ce: taba ce, an kwaɓa ta da zuma ko makamancinta an sa mata ƙamshi. Wai ruwa yana tacewa: sanyaya hayaƙin kawai yake yi, sanyin ne ma ke sa a zuƙa da yawa har can cikin huhu ba tare da tari ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi tun 2005 cewa a zama ɗaya na shisha mutum na iya zuƙar hayaƙin da yawansa ya kai na sigari 100 ko fiye. Ga kuma gawayin da ake ɗorawa a kai, wanda shi kansa kabon monoksaid yake fitarwa. Ko wadda ake cewa ba taba a cikinta, gawayin yana nan. Sigarin lantarki da samari ke rataye da shi yanzu, yawancinsa da nikotin a ciki. Kada kuma mu manta da ta gargajiya. Kakata, Allah Ya jiƙanta, ba ta rabuwa da 'yar battarta ta garin taba da kanwa, tana cusawa a leɓe, kuma ba wanda ya taɓa kiran ta mashayiya. Babu hayaƙi a wannan, amma nikotin ɗin yana shiga jini ya isa ga ɗan tayi, ko ta baki aka sa ko ta hanci aka shaƙa.

Washegari na sayi lemo da ayaba na nufi gidan ɗalibata. Da ta gan ni ta rasa inda za ta sa kanta. Na ce, "Ƙanwata, ba karatu na zo yi ba, haƙuri na zo ba ki. Kin kawo mini amana na karɓe ta da hannun hagu." Ta fashe da kuka, ni ma ban san lokacin da nawa ya zubo ba. Na faɗa mata zancen awa 12 da na sati 15. Wallahi ina kallon fuskarta tana sauyawa. Ta ce ita duk zatonta ta riga ta gama lalata yaron, shi ya sa ma ta ƙara yawan sha a 'yan kwanakin nan, don baƙin ciki.

Ranar awo na raka ta. A gaban likita ta faɗi gaskiya, karo na farko. Tambayar da ta fara yi ita ce ko ita ta kashe 'ya'yanta biyu na baya. Likitan ya ce ba wanda zai iya yanke wannan hukunci, domin ɓarin farkon ciki yakan faru ga mata masu yawa da ba su taɓa kusantar taba ba, galibi saboda tangarɗar da ke faruwa tun wajen haɗuwar ƙwai da maniyyi. Ya ce ta bar tuhumar kanta a kan abin da ya wuce, ta dubi wanda ke hannu. Ya kuma ja kunnenta a kan abu biyu. Kada ta ce za ta rage kawai, domin ko kara ɗaya a yini yana da illa ga yaro, bari ake yi gaba ɗaya. Kuma kada ta je kemis da kanta ta sayi cingam ko filastar nikotin ko wani maganin barin taba. In abin ya gagara ta dawo, su ne za su duba abin da ya dace da mai ciki.

Ba zan ɓoye miki ba, ta sha wuya. A dare na uku wajen ƙarfe ɗaya ta kira ni tana kuka, kanta kamar zai tsage, barci ya ƙi zuwa, ta ce ji take kamar ta fasa duk kwanukan gidan. Sista ta riga ta gaya mana haka za a yi: kwanakin farko su ne masu zafi, daga nan abin yana sauka a hankali cikin sati biyu zuwa huɗu. Ta kuma ce sha'awar takan taso ne kamar ciwon naƙuda, ta murɗa na 'yan mintoci ta lafa, saboda haka aikin shi ne a tsallake waɗannan mintocin. Na ce ta tashi ta yi alwala da ruwan sanyi, ta ɗauki asuwaki, ni kuma ina kan waya har ta lafa. Muka zauna daga baya muka gano lokutan da abin ya fi taso mata: bayan cin abinci, da fitar maigida da safe, da duk ranar da aka ɓata mata rai. Sai ta tanadi aya da dabino da gyaɗa a inda hannunta ya saba zuwa, da safe kuma maimakon ta zauna ita kaɗai sai ta shiga wajen wata dattijuwa maƙwabciyarta su yi tsintar shinkafa. Ta fita daga zauren WhatsApp na ƙawayen nan na biki. Ta bar amsa gayyatar da ta san za a kunna tukunya.

A sati na uku ta zame. Surukarta ta zo ta yaɓa mata magana, bayan tafiyarta ta sha kara biyu. Da ta faɗa mini, na ji tsohon wa'azin nan ya taso mini har maƙogwaro, na haɗiye shi. Na ce, "Kwana goma sha takwas kika yi, ba wanda zai ƙwace miki su. Gobe mu ɗora." Yawancin waɗanda suka bar taba sai da suka gwada fiye da sau ɗaya.

Saura babban dutse, wato maigida. Domin kuwa ko ta bari, muddin yana busawa a falo tana shaƙa, kuma kwalin yana nan a durowa yana kiran ta. Nan ne labarin ya shafi da yawa daga cikinmu da ba mu taɓa sa kara a baki ba. Hayaƙin da wani ya busa kika shaƙa yana ɗauke da gubobin nan dai, yana rage nauyin jariri, yana ƙara haɗarin bakwaini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba tana kashe sama da mutum miliyan 7 a duk shekara, fiye da miliyan ɗaya daga cikinsu ba sa sha, zama kawai suke yi da masu sha. Buɗe taga ko kunna fanka ba ya wadatarwa, balle lokacin sanyi da muke toshe ko'ina. Dokar hana yaɗuwar taba da Nijeriya ta kafa a 2015 ta hana sha a wuraren taruwar jama'a, ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ta ma hana sayarwa kara-kara, ko da yake kowa ya san abin da ke kan teburin mai shayi. Amma doka ba ta shiga ɗakin kwananki. Wannan sai ke.

Ita dai sai da ta fara da tona wa kanta asiri. Ta zaɓi daren da ya dawo da walwala, bayan ya ci ya ƙoshi, ta ce, "Yallaɓai, sigarinka da kake cewa yana raguwa, ba ƙaninka ba ne yake ɗiba. Ni ce." Bawan Allah ya shekara yana zargin yaron da bai ji ba bai gani ba! Kwana biyu bai yi mata magana ba. A na uku ya tambaye ta yaushe ne awo na gaba, ya kai ta da kansa, Sista ta zaunar da shi ta zana masa tulun nan da bakinsa a bayan kati. Ɗalibata ta ce abin da ya fi kama shi ba zancen huhunsa ba ne, wannan ya sha ji. Cewa da aka yi "ɗanka" ne. Ita kuma ta ƙara masa da cewa, "Ai kana iyawa. Duk azumi awa goma sha uku kake yi ba ka taɓa ta ba, kwana talatin a jere."

Zan so in ce miki ya bari, amma bai bari ba har yau, ya dai rage. Abin da ya yi shi ne ya fitar da ita daga gidan da kuma motar gaba ɗaya, ko kwali ba ya shigowa da shi. In ke ma za ki yi wa naki magana, kada ki yi a gaban mutane, kada ki yi cikin faɗa, kada kuma ki fara da kai ƙara wajen iyayensa. In bakinki ba zai iya ba, ki ja shi zuwa awo, maza sukan ji maganar mai farin kaya. Kuma tunda ana zancen hayaƙi, mu ma mu rage namu: kaskon turaren wuta a rufaffen ɗaki, da maganin sauro na kunnawa a kusa da kan jariri, da gawayin da ake shigar wa mai jego don ɗumi, duk a bar iska tana ratsawa.

Wani abin da Sista ta nanata shi ne bayan haihuwa, don mata da yawa sukan daure wata tara, da an yi suna sai su koma. Nikotin yana bin ruwan nono. Jaririn da ke kwana cikin hayaƙi ya fi fuskantar mutuwar nan ta farat ɗaya cikin barci, wadda za a kwantar da yaro lafiya a wayi gari babu shi, kuma ya fi yawan ciwon kunne da asma da limoniya. Warin da ke maƙalewa a riga da labule da katifa ma ba wari ne kawai ba, ragowar gubar ce. Duk da haka ta ce ko uwa ta kasa bari kada ta yaye yaro saboda wannan, nonon ya fi masa rashinsa. Ta dai nisanta hayaƙin daga gare shi, ta ci gaba da ƙoƙari.

Watanta tara cif ta haihu, mace, kilo 2.9, da kanta. Ranar suna ina zaune a ɗakin mai jego sai ga angon ƙarni ya leƙo daga waje, aka miƙa masa jaririya, ya ce a dakata. Ya je ya wanke hannu da baki, ya sauya riga, sannan ya dawo ya karɓe ta. Surukar tana ta mamakin wannan sabon tsafta, ni da mai jego muka haɗa ido muka yi shiru. Da ɗakin ya yi sauƙi ta raɗa mini cewa har yanzu in ta wuce inda ake sha, ranta yakan biya. Na ce na sani, lambata tana nan.

Da muka sake zagayowa hadisi na 32 da sabon aji, na ƙara misali ɗaya a kan na ruwan wanke-wanke da rediyo. Na yi bayanin tulu da bakinsa, na faɗi awa 12 da sati 15, ban ɗaure fuska ba, ban kuma kalli kowa ba. Na ce duk mai tambayar da take jin nauyin yi ta rubuta a takarda ba suna, ta jefa a jakata da ke rataye a ƙofa. Da na koma gida na tarar da takarda biyu a ninke. Ɗaya ta ce shisha ce, kuma wata biyar gare ta. Ɗayar ta ce mijinta ne, a ɗaki ɗaya suke kwana da yara uku. Na yi wa Sista waya, ta ce Asabar mai zuwa ba ta da aiki, za ta zo ajin da kanta.